Mangwaro a Gonar Aro

Babana ya zo Kaduna da jakar fata guda ɗaya da fartanya, ya kuwa ƙi kwance jakar. Shekarun farin nan ne na farkon saba'in, lokacin da damina ta yaudari mutanen arewacin Katsina sau biyu a jere. Gero ya bushe a tsaye, awaki suka ƙare. Mahaifiyata dama ta daɗe da rasuwa, sai ya bar wa ƙanensa mai tarin iyali 'yar gonar da ta rage, ni kuma na aika, na sake aikawa, na yi kuka a wasiƙa, da ƙyar ya yarda ya zo.

Ni tun ina 'yar shekara biyar goggona ta ɗauko ni ta riƙe a Kaduna. Na yi boko, na koyi buga tafireta, na sami aiki a ofishin gandun daji, na auri ma'aikacin gidan waya wanda shi ma tashin cikin gari ne. Mu biyun nan da za a ɗora mana wuƙa a wuya ba za mu bambance shukar dawa da ta masara ba. Muna haya a Unguwar Dosa, ciki da falo, da wani ɗan ɗaki a bakin zaure. Nan muka sauke Baba.

To, namiji ya zauna a gidan mijin 'yarsa yana cin tuwon suruki? A wurin Baba gara yunwa. In na kai masa abinci sai ya yi loma uku ya ture kwanon. Maigidana bawan Allah ne, har ƙasa yake durƙusawa ya gaishe shi, amma ladabin nan sai ya ƙara wa Baba nauyi. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Kullum da hantsi yana ƙofar gida yana wasa fartanyar da ba ta da gona. Jakar tana ƙarƙashin gado a ɗaure, in zai sake riga ya kwance, ya zaro, ya mayar ya ɗaure. Duk ranar Juma'a kuma magana ɗaya ce. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci.

"Uwata, makon nan zan tahi gida."

Gida ina? Wurin yunwa? Na san in ya koma ba zan sake ganinsa ba. Abin ya hana ni sukuni.

Dabarar ta faɗo mini ne ina tsakiyar buga wata takarda a ofis, har na ɓata layi biyu. A lokacin bakin unguwarmu ta wajen Rafin Guza daji ne. Gwamnati ta yanka wa manyan ma'aikata filaye, an kafa turakun siminti masu lamba, amma yawanci ba a gina ba, ciyawa ta fi mutum tsawo. Kullum muna wucewa ta wurin a kan babur ɗin maigida. Ga ƙasa ba manomi, ga manomi a zaurena ba ƙasa! Wallahi ranar ban san yadda aka tashi aiki ba.

Na bincika, ashe fili uku a haɗe na wata Hajiya ne, aminiyar goggona. Mijinta babban ma'aikaci ne, ya rasu bai aza ko bulo ɗaya ba, ya bar mata marayu biyar. Filin nan shi ne abin da take riƙe musu, kuma shi ne ke hana ta barci, domin ƙannen marigayin sun sa masa ido, ga masu zuba shara, ga masu gusa turaku a hankali.

Na zauna na tsara komai kamar mai kafa kamfani. Ƙasa ta Hajiya, ƙarfi da sani na Baba, iri da taki namu ni da maigida. Na buga shi tsaf a tafireta, kwafi uku, da wurin sa hannu. Ni a dole 'yar boko. Na ja Baba muka tafi gidanta a Malali.

Hajiya mace ce mai jiki, mai haƙorin Makka, ba ta da dariyar banza. Ta karɓi takardar da yatsa biyu ta miƙo mini abata.

"'Yar nan, ni ba na sa hannu a takardar fili. Yau takardar aro ce, gobe a wayi gari ta zama ta ciniki." Ta juya wajen Baba. "Malam, aro na ba ka. Ba na son kaso. Dami ɗaya na dawa duk shekara, a kawo shi da rana tsaka, ta ƙofar gaba, mutane su gani su san filin da mai shi. Sauran kuma ka san shi."

"Na san shi, ranki ya daɗe," in ji Baba.

Ni kuwa ban tambayi mene ne sauran ba. Ina ta murna, ina jin haushin takardata, na ɗauka maganar tsofaffi ce kawai.

Kai, damunar nan! Ban taɓa ganin mutum ya sake kamar yadda Baba ya sake ba. Ranar farko ya sunkuya ya damƙi ƙasar, ya murza, ya sansana, sai ya yi dariya. Rabon da in ji dariyarsa har na manta.

"Wannan hili haka ake barin shi? Mutanen Kaduna ba ku da tsoron Allah!"

Ya sassabe wurin shi kaɗai, ya ƙone. Ya je ya shirya da wasu Fulani suka kwana da shanunsu a ciki kafin ruwa ya sauka, ƙasa ta sha taki. Ni aka aika Kawo sayen iri, na dawo da wanda ya fi kyau a ido, ya duba ya ce wannan na tuwo ne, in koma. Sau biyu ina komawa. Ranar Asabar maigida ya ce shi ma zai taya noma, ya sa tsohon wandon ofis, bai kai azahar ba hannunsa ya yi bororo, ya kuma sare masara wajen ashirin a zaton ciyawa ce. Baba bai iya yi wa suruki faɗa, sai ya dube ni ya ce, "Uwata, a ce wa mai babur ya je ya huta, ya yi ƙoƙari." Na yi dariya har na zauna a kan kunyar masara.

Ruwa kuwa kamar da bakin ƙwarya. Baba yakan tsaya a cikinsa yana jiƙewa yana kallon sama, ya ce ruwan mako guda na nan ya fi na damunarsu gaba ɗaya. Masara ta yi goyo biyu-biyu, kuɓewa ta hana mu sakat, dawa ta tashi har ba a hango mutum a ciki. Ni da ban taɓa riƙe fartanya ba na koma in an tashi ofis sai gona, da takalmin ofis ɗina. Na ishi abokan aiki da zancen firi da maimai da huɗa, har suka sa mini suna Sarkin Noma.

Da aka yanke dawa, Baba ya ɗaure damin da ya fi kowanne, ya ɗora a ka. Maigida ya ce a ɗaura a babur, ya ce a'a. Da ƙafa ya kai shi Malali da rana tsaka, yana tsayawa yana gaisawa da duk wanda ya gani a hanya. Sauran ya raba biyu daidai, rabi nasa, rabi namu na iri da taki. Na ce, "Baba, ai duk ɗaya ne." Ya ce ba ɗaya ba ne. Daga nasa rabin ya auno mini dawa ya ce in yi tuwo. Da na kawo, ya leƙa tsakar gida, karo na farko ya kira maigida da kansa.

"Malam, zo ka ci tuwona."

Ranar ya cinye malmala biyu. Na shiga madafa na yi kukan daɗi. Jakar dai tana nan a ɗaure, amma ya daina zancen tafiya ranar Juma'a.

Damina ta biyu ce na yi aika-aikar. An gama maimai, aiki ya ɗan lafa, sai aka aiko wani amininsa ya rasu, Baba ya tafi ta'aziyya na kwana goma. A makon nan ofishinmu yake rabon dashen itatuwa kyauta, ni ce ma na buga sanarwar. Na ga mangwaro mai aure, 'yan gajeru, ganye shar. Nan take na hango Baba a zaune a inuwa yana hutawa maimakon ya riƙa fakewa a gindin dawa. Na hango marayun Hajiya suna shan mangwaro. Na ce wannan ai alheri ne ta kowane gefe! Na karɓi goma sha biyu.

Ranar Asabar ni da maigida muka yi ta haƙa. Har da igiya muka ja don layi ya miƙe, muka jera su a kan iyaka daga wannan turke zuwa wancan. Wasu tsofaffi biyu suka wuce, suka tsaya suka daɗe suna kallonmu, ɗaya ya ce, "Allah ya sanya alheri, ashe an saya." Na ce amin, ban ma saurari ƙarshen maganar ba. Muka koma gida da taɓo har gwiwa muna yaba wa kanmu.

Ranar Laraba na cika kwando da kuɓewa na kai wa Hajiya. Na yi sallama, ta amsa a daƙile. Ba ta ce in zauna ba.

"Na ji kun yi lambu."

Ni kuma uwar wauta sai na washe baki. "Ai goma sha biyu ne, Hajiya, masu aure! Shekara uku sun fara 'ya'ya."

Ta dube ni tun daga ɗankwali har takalmi.

"Da takarda kika fara zuwa, na ƙi. Yanzu kin zo da itace. Ƙannen mijina sun zo nan jiya suna tambayata nawa na sayar da filin marayu. To ki gaya wa babanki, in ya cire amfanin bana a bar mini wurina. Ɗauki kuɓewarki."

Raina ya ɓaci, ni ma ina da zuciya. Na ce daga yin abin arziki? Na ce mu ba ɓarayi ba ne. Na suri kwandona na fito ina huci, ina faɗa a raina cewa masu kuɗi ba su san alheri ba. Sai da na kai bakin titi na gane abin da na jawo. Ba gona, ba tuwon Baba. Ba tuwon Baba, jakar nan za ta fito daga ƙarƙashin gado.

Ya dawo ranar Lahadi da tsarabar daddawa da kuka, yana ta tambayar dawarsa. Na kasa faɗa masa a gida, na ce mu je ya gani. Da muka isa ya hango layin dashen, ya tsaya cak.

"Innalillahi. Wa ya yi wannan?"

"Ni ce, Baba. Inuwa na so in yi maka."

Bai yi mini tsawa ba, da ma ya yi. Ya tsuguna a bakin kunya, ya yi mini bayani a hankali kamar yana magana da ƙaramar yarinya. Gonar aro ana shuka mata abin da za a girbe a tashi. Ba a dasa itace, ba a haƙa rijiya, ba a aza gini. Dawa wata shida ce, itace kuwa ya fi mai shi daɗewa. Duk wanda ya dasa itace a ƙasa, ya gaya wa duniya ƙasar tasa ce, kuma bayan shekara ashirin in aka je gaban alƙali, itacen za a tambaya wa ya dasa. Wannan shi ne sauran da Hajiya ta ce ya sani.

"Kin yi shekara nawa a ofishin itace?"

"Shida."

"Ba su koya maki wannan ba?"

Na gaya masa saƙon Hajiya. Ya ce ta yi daidai, ko shi ne haka zai yi. Muka dawo gida. Da magariba na kai tuwo, ya yi loma uku ya ture kwanon. Wallahi ji na yi kamar in haƙa rami in shige.

Washegari bai je gona ba. Ya sa babbar rigarsa ya tafi wurin mai unguwa, daga can ya wuce Malali. Abin da ya roƙi Hajiya ɗaya ne, ta zo filin ranar Asabar da safe, ta zo da ƙannen mijinta, a yi komai a gaban mutane. Ni ya ce in nemo buhuna goma sha biyu, kada in tambaye shi dalili.

Asabar ta yi. Ga mai unguwa, ga limamin unguwa, ga ƙannen marigayi su biyu sun sha kunu, ga 'yan kallo. Hajiya ta fito daga tasi da leshinta mai tsada. Baba ya ɗauki fartanya ya bi dashen ɗaya bayan ɗaya, yana haƙo kowanne da ƙasarsa ba tare da ya tsinka saiwa ba, yana ɗorawa a buhu. Ni ya sa na riƙa kinkima ina kaiwa bakin hanya, bayan turakun siminti. Sau goma sha biyu ina zuwa ina dawowa a gaban jama'a, kaina a ƙasa. Da aka gama ya karkaɗe hannu ya fuskanci mutane.

"Jama'a ku shaida. Ɗiyata ta yi kuskure, ba ta sani ba, laifina ne da ban gaya mata ba. Ga itacenta a wajen hilin Hajiya. Ba mu da ko ganye ɗaya a cikin wurin nan." Ya juya. "Ranki ya daɗe, ga su nan. In kin so a zuba su a rafi yanzu. In kuma kina so, kyauta ce mun ba marayu, ki dasa da hannunki a ƙasarki, kowa ya gani. In kaka ta yi zan tashi kamar yadda kika ce."

Hajiya ta kalli dashen, ta kalli ramukan nan goma sha biyu a jere, sannan ta kalli ƙannen mijinta, ta daɗe tana kallonsu. Na ga lokacin da abin ya faɗo mata. Itacen da ya kusa raba ta da filin, in ita ta dasa shi a gaban liman da mai unguwa, ba mai sake tambayarta na wane ne.

Ta cire mayafi ta ɗaura a ƙugu.

"Ke 'yar boko, miƙo mini ɗaya."

Jama'a, Hajiya da leshi a cikin taɓo! Ta durƙusa da ƙyar tana nishi, ta sa na farko a rami ta ce wannan na babban ɗanta ne. Na biyu na mai bi masa. Kafin ta kai na biyar ta saki jiki, tana dasawa tana yi mini tsiya, wai ramukan mijina kamar na gyare. Mutane suna ta dariya, liman yana sa albarka, ni ina miƙa dashe ina share hawaye da gefen gyale. Da bayanta ya gaji mai unguwa ya ce ko hannu ta ɗora ya wadatar, ta ce a'a, ita za ta tura ƙasar kowanne. Ƙannen marigayi tun a na bakwai suka ce suna da uzuri.

Da ta gama na ƙarshe aka kama ta ta miƙe. Ta tsaya tana haki, ta dubi layin.

"To, yanzu wa zai ba su ruwa da rani? Ni ce zan riƙa zuwa daga Malali da tulu? Wa zai kore musu awaki?"

Sai ta juyo wajen Baba.

"Malam, na janye maganata. Ba inda za ka sai na sha mangwaron nan."

Baba, da gaskiyarsa mai ban haushi, ya ce, "Ranki ya daɗe, masu aure ne fa. Shekara uku ne."

"Ban ce sai na ɗanɗana ba. Na ce sai na sha na ƙoshi, ni da jikokina. Mai unguwa, a shaida wannan ma."

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, a gaban liman da kowa. Maigida ya ce bai taɓa sanin na iya ba.

Muka dawo gida da azahar, Baba a gaba da fartanya a kafaɗa, ni a baya ina ta zuba kamar rediyo, ina tsara yadda za mu samo garwa da ƙaya don rani. Bai tanka mini ba. Na ɗauka har yanzu fushi yake. Ya shige ɗakinsa, ni na wuce madafa na ɗora tukunya. Can sai na ji yana kira.

Na leƙa. Jakar fatar tana kan gado a buɗe, ba komai a ciki. Rigunansa uku da hula da bargo suna shimfiɗe a gefe, duk sun yi layin ninki na shekara biyu. Yana tsaye yana shafa bango da tafin hannu.

"Uwata," ya ce, "a ce wa mai babur ya samo mani ƙusa biyu."